Rabin Alamar Gungun Kaiwa

Halimatu mai masa ba ta taɓa kife tandarta ran Asabar ba, sai ranar da Malam Andrew ya sa sunanta cikin masu zuwa yawon tarihi.

Malam Andrew malamin sakandare ne nan Yelwa, mutumin Ngaski, kullum da safe sai ya tsaya wajenta ya sayi masa kafin ya wuce makaranta. Shi da wasu malamai sunka kafa wata 'yar ƙungiya. Duk bayan wata uku su cika mota da mutane, su kai su ganin wuraren da, shi yana gaba yana bayani. Wannan karon sun ƙara da jirgi, za su shiga ruwa su nuna ma mutane inda ƙauyukan gungu, wato tsibiran cikin kogi, suke kafin ruwan madatsar Kainji ya rufe su.

"Mama, ashe ke a gungu anka haife ki," in ji shi, yana jiran ta juya masa.

"Wa ya gaya maka?"

"Bakinki. In mai itace ya kawo miki ɗanye, Gunganci ke fitowa, yaren mutanen gungu."

Ta yi tsaki ta ci gaba da zuba ƙullu. Sai ya ce ya samo tsohuwar taswirar da ma'aikata sunka zana kafin a toshe ruwa, ya sa ta cikin wayarshi, kowane gungu da sunanshi. Ya fara karanto mata. Yana kaiwa Gungun Kaiwa, ludayin ya tsaya a hannunta, har masa uku sunka ƙone.

To, ga abin da Malam Andrew bai sani ba.

Halimatu na da shekara tara lokacin da anka ce kowa ya tashi daga Gungun Kaiwa, ruwa na zuwa. Innarsu ba ta daɗe da rasuwa ba, daminar da ta wuce ne, anka rufe ta gindin babban itacen kaiwa da ke bayan gari, wanda wasu ke kira kanya. Ranar tashi, kaya na cikin jirgi, mutane na ta kira, Babansu ya ja hannunta da na yayanta Sallau, ya kai su bakin kabarin. Babansu masunci ne, kuma masunta na da yadda suke riƙe wuri a kan ruwa. Mutum zai dubi tudu ya sami abu biyu da sunka daidaita, ɗaya bisa ɗaya. Sa'an nan ya juya wani gefen ya sami wasu biyun. Inda alamun nan biyu sunka tsaya daidai lokaci guda, nan ne wurin, ko ruwa ya kai ina.

Ya kama kafaɗunta ya juya ta gabas, kamar mai shirin salla.

"Kin ga dutsen can mai tsaga a ka? Kin ga farin dutsen da ke ƙasanshi? Farin shina daidai ƙarƙashin tsagar. Wagga ita ce taki. Kar ki ɗauke ido sai ta zauna miki."

Sai ya juya Sallau arewa, kafaɗarshi na taɓa tata ta hagu, ya nuna mashi tashi. Halimatu ba ta ji abin da ya ce ba, don ta ƙura ma dutsenta ido, tana tsoron in ta ƙyafta ya gudu.

"Kowa ya riƙe tashi," in ji Baba. "Ku yara ne, biyu sun yi muku yawa. Ran da kuke son Innarku, ku zo tare."

Anka kai su can wajen Shanga, cikin ɗakunan siminti da gwamnati ta gina. Shekara uku Baba ya bi Inna. Halimatu ta yi aure Yelwa, Sallau ya zauna yana noman albasa. Kowace Salla in sun haɗu, bayan an ci an sha, sai ɗayansu ya ce, "Bana in ruwa ya ja sai mu tahi." Ɗayan ya ce in sha Allahu. Sai haihuwa ta zo, ko ciwo, ko albasa ta faɗi, ko jirgin da sunka yi magana da shi ya tahi kasuwa. Haka shekara hamsin da wani abu ta wuce.

Kuma ba wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwanshi alamarshi. Ta yaya za ka buɗe baki? In ta ce, Yaya gaya mani taka, ai ta ce mashi na ga mutuwarka ke nan. Sau ɗaya ta kusa. Bara da rani, da anka aiko ba shi da lahiya, ta shiga mota da fura da kifi busasshe ta same shi kwance ya rame. Ta zauna bakin tabarma tana juya maganar a baki. Shi ko ya dube ta ya yi dariya.

"Halima, ko kin zo karɓar arewa ne?"

"Allah ya kiyaye! Riƙe abarka. Ka tashi dai mu tahi."

Mako biyu anka bugo waya, Sallau ya cika. Bayan addu'ar uku ta tambayi matarshi, ta tambayi 'ya'yanshi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa jin wata alama.

Mijinta ya riga ya rasu. Ɗanta Basiru na Kaduna, ɗiyarta Mufida na aure Minna. Gidan ita kaɗai ce sai kaji. Da ta gaya ma Basiru za ta bi masu yawon tarihi cikin ruwa, sai ya ce, "Haba Inna, addu'a ai ko daga ɗaki tana isa." Ta ce ta sani. Ta fi shi sani ma, ba ta taɓa salla ba ta sa Innarta ba. Amma tana so sau ɗaya kafin ta mutu ta tsaya bisa wurin ta ce, ga ni na zo. Idonta kuma ya fara hazo. In ya ƙara shekara guda, farin dutsen ma ba za ta gan shi ba. Ta sa a ranta, ƙila arewar da Sallau ya tahi da ita tana cikin wayar Malam Andrew.

Ran Asabar ta soya masa tun da sassafe, ba ta sayarwa ba, ta cika kwano biyu, ta ɗauki buta da carbi ta je inda motar take. Mutum sun kai ashirin. Yawancinsu ɗaliban kwaleji ne, sai wasu mata biyu daga Birnin Kebbi, sai wani Alhaji Mustapha da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, mai yawan duba agogo. Kowa da abokin maganarshi. Ita ta zauna bakin taga da kwanoninta a cinya.

Birnin Yauri anka fara zuwa. Malam Andrew ya sa su tafiya a ƙasa, suna bin abin da ya rage na tsohuwar ganuwa, tudun jar ƙasa da gero ya kewaye. Nan ƙofa take, in ji shi, can masu gadi ke tsayawa. Yana da baki, Allah ya ba shi. Ɗalibai na rubutu, suna hawa tudun suna ɗaukar hoto. Wasu 'yan mata sunka zo sunka rungume ta, "Kaka, yi murmushi!" Sunka ɗauka, sunka wuce, ba wadda ta tambayi sunanta. Halimatu ta bi baya a hankali. Ta dubi ganuwar ta ce a ranta, ku dai kun gode Allah, taku ko ta rushe ana iya taɓa ta da hannu.

Gindin wata tsamiya anka huta, ta buɗe masa ta raba. Nan ne kaɗai anka kewaye ta. Masa na ƙarewa kowa ya koma wajen nashi.

Sun dawo Yelwa da azahar. Ta yi salla bakin ruwa, sa'an nan anka raba musu rigunan ruwa na hana nutsewa, masu ruwan lemo, ta ɗora tata bisa hijabi. Mai jirgin Hammadu ne, baƙi kakkaura mai furfura a gemu, wanda ya yi shekara talatin yana jefa taru kafin ya sayi inji. Ya ba ta hannu ta shiga.

"Gwaggo, zauna nan baya kusa da ni, ya fi rashin girgiza."

Ruwa ya ja sosai, lokacin ne, bakin gaɓa duk laka da sawun shanu. Sunka bar gari a baya. Malam Andrew na tsaye gaba da waya a hannu, yana nuna ma Hammadu hanya.

"Dama kaɗan. A'a, ka yi yawa. Hagu."

"Malam, wayar nan taka ta taɓa kama ko tarwaɗa guda?"

"Ba ta taɓa ba."

"To amma ita ke tuƙa ni yau. Allah ya gwada muna."

Anka yi dariya. Sunka tsaya wuri biyu, Malam Andrew ya faɗi sunan ƙauyen da ke ƙasa, da abin da mutanensa ke nomawa, da inda anka kai su. Ko'ina ruwa ne shimfiɗe, iri ɗaya. Sai a na uku ya ɗaga hannu, Hammadu ya kashe inji.

"Jama'a, nan ne Gungun Kaiwa. Kuma yau muna da 'yar garin tare da mu. Mama Halimatu, ga gida."

Kowa ya juyo. Wasu sunka tafa. Wayoyi sunka taso sama suna kallonta.

Halimatu ta juya gabas. Ta runtse ido, ta sa hannu ta tare rana. Ga dutse mai tsaga can, bai je ko'ina ba. Ga farin dutsen. Amma farin na can gefe, nesa da tsagar, tsakaninsu ya kai a shanya zane goma.

Ta dubi Malam Andrew. Mutumin kirki ne, ya yi karatu, ya sa ta cikin mutane, ga baƙi. Ta ɗaga hannuwa za ta yi addu'ar hakanan a wuce wurin. Hannuwan sunka tsaya, bakin ya ƙi buɗewa.

"Gwaggo," in ji Hammadu a hankali, "mi kike nema gabas?"

"Farin dutsen can. Ƙarƙashin tsagar ya kamata shi zauna."

Hammadu ya dubi duwatsun, ya dube ta. Ya gyara zama.

"Wa ya ba ki?"

"Babana."

"Masunci ne ke nan. Ina ta biyun?"

"Tana Shanga cikin ƙasa. Yayana ya tahi da ita bara."

Hammadu ya ce innalillahi. Shi bai bukaci a yi mashi bayani ba. Malam Andrew ne ya tako bisa kujeru ya zo baya, ya durƙusa gabanta, ta gaya mashi duka, da kaiwar, da kabarin, da gabas da arewa. Ta ce, "Na ɗauka wayarka ta san arewar."

Ya daɗe yana kallon wayar. Ya buɗa taswirar da yatsu biyu har ta dushe.

"Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Ɗigo ne kawai ma'aikatan sunka yi da alƙalami. In an auna shi a ƙasa ya fi Yelwa faɗi. Ni na zaɓi tsakiyarshi na ce nan ne."

"To ai ba laifinka ba ne, ɗana. Su ba su da kowa a ƙasan."

Alhaji Mustapha ya buga agogonshi da yatsa. "Malam, bayan la'asar iska ke tasowa, kuma wasu Birnin Kebbi za su koma. Ruwa ai duk ruwa ne. Hajiya ta yi addu'arta nan, Allah na ji."

"Alhaji, in an kai ka ƙofar maƙwabcinka an ce ai duk gida ne, kana shiga?" in ji Hammadu. Bai jira amsa ba ya ja igiyar inji.

Ya karkata jirgin kudu, yana tafiya a hankali. Halimatu ta riƙe bakin jirgi, idonta kan duwatsun. Farin ya fara matsowa. Yana matsowa, yana matsowa, kamar akuyar da ta ji kiran mai ita. Sai ga shi ya shige ƙarƙashin tsagar ya zauna daram, yadda ta bar shi tana 'yar shekara tara.

"Tsaya!"

Muryar da ta fito ba ta mai masa ba ce.

Hammadu ya rage wuta. Ya miƙa hannu daga duwatsun, ya ja shi a iska har can yamma inda gaɓar ƙetare ke baƙi-baƙi.

"To Gwaggo, kin san sauran. Daga can har can, duk inda munka tsaya bisa layin nan, bisa miƙen nan, haka za ki gan su. Ta biyun ce ke cewa nan. Amma bari mu gwada. Kaiwa ba ta ruɓewa da wuri."

Ya ɗauko wani dutse da ke ɗaure da doguwar igiya, wanda yake tsayar da jirgi da shi, ya sake shi cikin ruwa, ya bar jirgin na ja. Ba su yi nisa ba igiyar ta miƙe, ta kama wani abu. Ɗalibai sunka miƙe tsaye, Malam Andrew na ce musu su zauna. Hammadu ya girgiza igiyar ta saki. Sunka ƙara gaba kaɗan, ta sake kamawa. Ya ɓanɓare ta. Ta sake kamawa karo na uku.

Ya share gumi da hularshi. "Gwaggo, ƙasan nan daji ne. Itace ko'ina. In na ce miki wanga ne, na ci amanarki."

Ta dubi igiyar da ke ɗigar ruwa a hannunshi. Ta dubi rana, ta karkata. Ta tuna dariyar Sallau bisa tabarma. Shi ya buɗe mata ƙofa ranar nan, ya kawo maganar da bakinshi, ita ta rufe. Da ta ce mashi i, na zo karɓa, da zai yi fushin minti guda ya gaya mata. Ba ta saba kuka gaban mutane ba, kuma ba yau za ta fara ba.

"Ɗauke dutsenka, Hammadu."

Ya naɗe igiyar.

"Ka ce daga can har can?"

"Haka ne."

"To Innata ma tana bisa miƙen nan ke nan. Koma da ni farkonshi, ka bi da ni a hankali har ƙarshe. Dole mu wuce ta kanta."

Hammadu ya dubi Malam Andrew. Malam Andrew ya dubi Alhaji Mustapha. Alhaji ya buɗe baki, sai ɗaya daga matan Birnin Kebbi ta ce, "Mu da za mu yi nisan ba mu ce komi ba, Alhaji." Ya ja hannun rigarshi ya rufe agogon.

Sunka koma kusa da gaɓar gabas, Hammadu ya juya hancin jirgin yamma. Yanzu duwatsun na bayanshi, ba ya ganinsu. Halimatu ta juya ta ba kowa baya, ta fuskanci gabas.

"Ke ce idona, Gwaggo. In na kauce ki ɗaga hannu."

Haka anka yi. Injin na ƙara ƙasa-ƙasa. In farin dutsen ya zame dama ta ɗaga wannan hannu, in ya zame hagu ta ɗaga wancan, Hammadu na gyarawa. Bakinta na motsi. Ta yi Fatiha, ta yi ƙulhuwallahu, ta roƙa ma Innarta gafara da sanyin kabari, ta sa Baba, ta sa Sallau, ta koma farko. Tsakani ta riƙa cewa da Gunganci, a hankali, ga ni na zo, ni ce Halima, ni kaɗai na zo. Ta faɗa nan, ta ƙara gaba ta sake faɗa, don ba ta san inda za a ji ta ba.

Ko ruwan ba ta samu ta duba ba. In ta sunkuya alamar za ta kuɓuce. Duk tsawon tafiyar idonta na kan dutse, yana ƙanƙancewa, yana shiga hazon idonta, har ya koma kamar ƙwayar shinkafa. Wani ɗalibi ya ɗaga waya, Malam Andrew ya sa hannu ya sauke ta.

Sai ta ji ƙasan jirgin ya gogi laka. Sun kai ƙetare.

"Mun ƙare, Gwaggo."

"Mun wuce ta kanta?"

"Ba ki kauce ba ko sau ɗaya. Mun wuce."

Ta shafa addu'a.

A hanyar komawa iska ta fara tasowa, ruwa na fantsamowa, 'yan mata na ihu suna dariya. Malam Andrew ya zo ya zauna kusa da ita da littafinshi.

"Mama, in kin yarda in rubuta alamar taki. Duk wanda munka kawo, ita zan nuna mashi, ba ɗigon nan ba."

Baba ya ce kowa ya riƙe tashi. Ta riƙe, Sallau ya riƙe, ga inda riƙon ya kai su.

"Rubuta. Dutse mai tsaga a ka, farin dutse daidai ƙarƙashinshi. Karanto mani in ji." Ya karanto. "Hammadu, kai ma ka ji?"

"Ta zauna, Gwaggo."

"To ka gaya ma 'ya'yanka tun kana da lahiya. Kar ka jira su tambaya, ba za su tambaya ba."

Malam Andrew zai rufe littafin, ta sa yatsa ta tare.

"Bar wuri a ƙasa. Ka rubuta arewa, ka bar shi hakanan."

Bakin gaɓa anka tuɓe rigunan ruwa, anka yi hoton taro, kowa ya kama gabanshi. Ta ɗauki kwanoninta da butarta ta bi lungu ita kaɗai. Ta sami kaji sun taru bakin ƙofa suna jira, ta watsa musu tsaba. Ta wanke shinkafar masar gobe ta jiƙa. Waya ta yi ƙara, Basiru ne.

"Inna, kun dawo? Kun ga wurin?"

"Mun wuce ta kanshi."

"To madalla. Bari in kira ki gobe, ina kan hanya."

Tana so ta ce mashi tsaya, akwai wani dutse da nike so ka sani, ya riga ya kashe. Ta aje wayar bisa taga. Gobe in ya kira, da shi za ta fara, kafin gaisuwa.

Anka kira magariba. Ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma tsakar gida ta fuskanci gabas. Da ta sallame ta daɗe zaune da carbi a hannu. Sai ta juya kai hagu, wajen arewa, inda kafaɗar Sallau take ranar nan. Katanga ce kawai, da tandarta jingine, a kife.